Muhawara: Mene ne ainihin aikin masanin saikoloji a asibitin taɓin hankali na gwamnati?

Ɗalibar Saikoloji:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina roƙon a warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. A aji abin da ake koyarwa shi ne zama na minti 50, mutum biyu a ɗaki, sau ɗaya a mako, da wanda ya kawo kansa da ƙafarsa. To babban asibitin taɓin hankali na gwamnati fa, inda ɗakin jinya ɗaya ke ɗauke da mutum 25 ko 30, wasu an kawo su ba da son ransu ba, wasu kotu ce ta turo su, wasu kuma sun shekara a kwance? Me masanin saikoloji yake yi a irin wannan wuri daga safe zuwa tashi, kuma ina iyakar aikinsa da na likitan ƙwaƙwalwa?

Baba Dattijo:
Wa alaikumus salam 'yata. Iyakar ba ta da wuyar ganewa. Likita ke rubuta magani, shi ke lura da jikin majinyaci, kuma a dokokin ƙasashe da yawa sa hannunsa ake nema kafin a tsare mutum a asibiti ko a sallame shi. Masanin saikoloji kuwa nasa shi ne gwaji, da fitar da taswirar matsalar mutum, da jinya ta hanyar magana da horon ɗabi'a, da taimaka wa ma'aikatan ɗaki su fahimci wanda suke jinya.

Ki riƙe wannan lissafin tun yanzu. Mako yana da awa 168. Ko kin samu awa 2 da majinyaci a mako, wanda a asibiti mai cunkoso ba ƙaramin rabo ba ne, sauran 166 yana hannun nas-nas da masu taimaka musu. Duk abin da kika gano game da shi, muddin bai isa hannun waɗannan mutane a siffar da za su iya aiki da ita ba, babu abin da zai canza. Shi ya sa ranar aiki take farawa a zaman miƙa aiki na safe. A nan za ki ji wanda bai runtsa ba daren jiya, wanda aka yi wa allurar gaggawa, wanda aka killace, wanda ya ƙi magani, wanda 'yan uwansa suka ziyarta ya dawo a hargitse. Daga nan sai zagaye tare da likita. Gwaji a yi shi da hantsi, lokacin da maganin dare ya saki mutum, gajiyar rana kuma ba ta kama shi ba. Zaman rukuni da rana. Rubutu kafin a tashi, ba a kwana da shi.

Taswirar da na ambata tambayoyi biyar ce: me ya kawo shi yanzu, me ya sa tun asali yake da rauni ta wannan fuska, me ya tayar da abin a wannan karon, me ke hana shi warwarewa, me ke ba shi kariya. Sunan cuta yana gaya miki abin da ya haɗa shi da dubban mutane. Taswira ita ce ke gaya miki dalilin da ya sa shi wannan mutumin yake daina shan magani 'yan makonni bayan kowace sallama. Tambaya ta huɗu, wato me ke hana shi warwarewa, ta fi kowace amfani a asibiti, domin ita ce hannu ke iya taɓawa.

Malam Mai Gwaji:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in ɗora a kan gwaji, don a nan sababbin hannu suka fi yin ɓarna. Ƙanwata, in takarda ta zo miki an rubuta "a yi masa gwaji" kawai, ki mayar da ita ki nemi tambaya. Shin ana so a san ko raunin basira ne tun yarinta ko ciwon ne ya ci ƙwaƙwalwar daga baya? Ko zai iya riƙe jadawalin maganinsa shi kaɗai? Ko mantuwar tsufa ce ko ciwon damuwa? Kowace tambaya da kayan aikinta.

Sai lokaci. Kada a auna basira ko riƙe abu a kwanakin farko na kwantarwa, lokacin da mutum ke fama da muryoyi, bai yi barci ba, an kuma cika shi da maganin kwantar da hankali. Diyazifam da danginsa suna rage riƙe sabon abu, benzekzol ma haka. Wanda ake yi wa jinyar lantarki a jira a kammala, a ba da tazara, kafin a auna ƙwaƙwalwarsa. In aka yi gaggawa, lambar da ta fito ta maganin ce da ciwon, amma za ta zauna a fayil shekaru tana bin mutum.

WAIS-IV, wato gwajin basira na manya, tana da ƙananan gwaje-gwaje 10 na asali, tsakiyar maki 100. Saurin aiki da riƙe abu na ɗan lokaci su ne suka fi faɗuwa a hannun ciwo da magani, don haka a duba kowane ɓangare daban kafin a yarda da jimilla. Maki 70 ko ƙasa ba ya isa a ce raunin basira, sai an haɗa da gazawa a harkokin yau da kullum, an kuma tabbatar abin ya faro tun kafin girma. A bar kimanin shekara kafin a maimaita, saboda mutum yana tuna tambayoyin.

MMPI-2, gwajin halayya da alamomin ciwon ƙwaƙwalwa, tambayoyi 567 ne na e ko a'a. Majinyacin asibiti ba kasafai yake gamawa a zama ɗaya ba, a raba masa, a kuma fara tabbatar yana karatu sosai. In ya bar 30 ko fiye babu amsa, ba a fassara ta. Kuma ma'aunin sahihanci ake fara dubawa. Ma'aunin F, mai ƙirga amsoshin da ba a saba bayarwa ba, yakan hau sosai a wurin masu ciwo na gaske, shi ya sa aka samar da Fp musamman don majinyatan asibiti. Wanda bai san wannan ba sai ya rubuta wa mai ciwo cewa yana ƙara gishiri. MoCA kuwa, gajeren gwajin tunani da riƙe abu, maki 30 ce, ƙasa da 26 ake zargin matsala, ana ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, kuma tacewa ce kawai, ba ta sanya wa cuta suna. Uwa uba, kowane gwaji an daidaita shi ne a kan wasu mutane masu wani harshe da wani matakin karatu. In majinyacinki ba ya cikinsu, ki rubuta hakan ƙarara a rahoto.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Malam ya gama magana a kan wannan. Ni abin da zan roƙi masana saikoloji shi ne su san alamomin jiki, domin sau da yawa ku ne kuke zama da majinyaci rabin awa kuna kallonsa, mu kuwa minti biyar muke samu a zagaye.

Mutumin da ya kasa zama, yana ta kai da komo, yana musanya ƙafa, bayan an fara masa halofaridol ko an ƙara masa, a fara tunanin akatiziya, wato rashin iya zama da magani ke jawowa, kafin a ce tashin hankalinsa ne ya ƙaru. Ku tambaye shi: a kai kake jin abin ko a ƙafafu? In aka ɗauka ciwon ne aka ƙara magani, abin ya ƙara ta'azzara, kuma azabarta tana iya kai mutum ga tunanin kashe kansa. Wanda hankalinsa ke zuwa yana tafiya cikin yini, da safe ya gane ka da yamma bai san inda yake ba, yana gane-gane da ido, wannan ɗimuwa ce ta ciwon jiki har sai an tabbatar ba ita ba ce. Mai shan giya da yawa da aka kwantar, kwana na biyu zuwa na uku bayan shan ƙarshe shi ne lokacin haɗari. Mai shan litiyom da ya fara karkarwa mai ƙarfi, gudawa, amai, tangaɗi, harshe na harɗewa, a kira likita nan take. Ma'auninsa a jini wajen 0.6 zuwa 1.0 ake so, ya haura 1.5 an shiga guba. Mai shan kulozafin da ya ce maƙogwaro na ciwo ko zazzaɓi, a auna jininsa a ranar. In ya ce ya kwana biyu ko uku bai yi bayan gida ba, kada a raina, taurin ciki na kulozafin yana kisa. Ba ku za ku yi maganin waɗannan ba, amma ku ne za ku iya fara gani.

Hajiya Babbar Nas:
Tunda Baba ya ambace mu, bari in faɗi abin da ke damun ma'aikatan ɗaki. Rahoto mai shafi goma ba wanda zai karanta shi da ƙarfe biyun dare, nas biyu suna riƙe da mutum talatin. Ku rubuta dogon don fayil, ba laifi, amma ku ba mu shafi ɗaya: ga abin da ke tayar masa da hankali, ga alamar farko da za ku gani, ga abin da za ku ce masa, ga abin da kada ku ce, ga abin da ke kwantar da shi. Kuma ku zo ku bayyana shi da bakinku ga masu aikin safe da na yamma da na dare. Tsarin da masu safe kaɗai suka ji, masu dare za su rushe shi ba da gangan ba.

Yaya Mai Horon Ɗabi'a:
Hajiya, wannan ita ce gaskiyar magana, kuma akwai dalilin ilimi a bayanta. Bari in bi matakan.

Da farko a siffanta ɗabi'ar yadda mutum biyu za su ƙirga ta su samu lamba ɗaya. "Yana fitina" ba ya ƙirguwa. "Yana bugun ƙofar ofishin nas da hannu ko ƙafa" yana ƙirguwa. Sai a ajiye takarda mai layi uku na tsawon mako ɗaya zuwa biyu: me ya faru dab da abin, me ya yi, me ya biyo baya, da lokaci da wanda ke aiki. Kada a canza komai a wannan tsakanin, don a samu abin da za a gwada da shi daga baya.

Sannan a tambayi takardar: me ɗabi'ar ke samo masa? Galibi ɗaya ne cikin huɗu, ko kulawar mutane, ko kuɓuta daga abin da ba ya so, ko samun wani abu a hannu, ko sauƙin wani abu da yake ji a jikinsa. A asibitin taɓin hankali a ƙara da tsoro da umarnin muryoyi, don wanda ya kai duka saboda ya yi imani za a kashe shi ba tsarin lada ne maganinsa ba.

A ce takarda ta nuna bugun ƙofar ya fi yawa lokacin miƙa aiki, sa'ad da kowa ya shige ofis, kuma duk sanda ya buga wani yana fitowa, amma in ya yi sallama a hankali sai a ce ya jira. To ɗakin ne ya koya masa bugu. Gyaran shi ne a bar ma'aikaci ɗaya a waje lokacin miƙa aiki, a riƙa zuwa wurinsa minti biyar kowace awa tun bai nema ba, a koya masa yadda zai nema, in ya nema haka a amsa masa nan take, in ya buga a amsa a taƙaice ba faɗa ba dogon lallashi.

Abu biyu ke kashe irin wannan tsari. Na farko, kwanakin farko ɗabi'ar takan ƙaru kafin ta ragu, domin yana ƙara ƙarfi a kan abin da ya saba yi masa aiki. In ba a gargaɗi ma'aikata ba, a kwana na uku za su ce tsarin ya lalace su watsar. Na biyu shi ne wanda Hajiya ta faɗa: in bugu yana aiki wani lokaci, ba ya aiki wani lokaci, ɗabi'ar ta fi kafuwa fiye da in yana aiki kullum. Ma'aikaci ɗaya da bai ji bayani ba ya isa. Kuma ba a taɓa amfani da ƙyaliya a kan cutar da kai ko duka.

Ga waɗanda suka daɗe a kwance har suka daina wanka da magana, tsarin tikiti, inda ake ba majinyaci tikiti in ya yi abin da ake so ya musanya shi da lada, yana da tarihi mai kyau. Ayllon da Azrin sun fara shi a asibitin Anna na jihar Illinois a Amurka farkon shekarun 1960, kuma binciken Paul da Lentz na 1977 ya nuna tsarin koyo irin wannan ya fi jinyar da aka saba amfani ga majinyatan da suka daɗe.

Mai Kare Haƙƙi:
Yaya, a nan zan ja da kai. Tsarin tikiti a hannun ma'aikatan da suka gaji yana komawa hukunci cikin 'yan makonni. Yau lada ne, gobe an ƙwace tikitin mutum don ya ɗaga murya. Kuma tarihin da ka kawo bai cika ba. A wasu tsofaffin tsare-tsaren har gado mai kyau da fita shan iska sai da tikiti. Shari'ar Wyatt da Stickney a jihar Alabama, wadda aka kafa ƙa'idojinta a 1972, ta tabbatar da cewa irin waɗannan abubuwa haƙƙin majinyaci ne. Mutumin da aka tsare ba da son ransa ba, wane zaɓi yake da shi da za a ce ya yarda da tsarin? Sannan ranar da aka sallame shi, wa zai ba shi tikiti a gida?

Yaya Mai Horon Ɗabi'a:
Ranki ya daɗe, ban musa ko ɗaya ba, sai dai ban yarda a jefar da kayan aikin ba. Sharuɗɗan su ne: abinci, gado, sutura, ziyara, magani da shan iska ba sa shiga ciniki. Abin da mutum ya samu ba a ƙwacewa. Shi da kansa yake zaɓen abin da yake so ya cim ma da ladan da yake so. Ladan yana zuwa nan take tare da yabo da aka ambaci abin da ya yi, daga baya a riƙa tsawaita tazara har yabon da amfanin aikin su maye gurbin tikitin kafin sallama. In ɗaki ba shi da ma'aikatan da za a horar a kuma riƙa bibiya, na yarda da ke, gara kada a fara.

Mai Kare Haƙƙi:
Da wannan sharaɗi na ƙarshe mun kusa haɗuwa. Zan ƙara cewa a samu wani daga wajen ɗakin da ke duba tsarin lokaci-lokaci, domin wanda ya rubuta shi ba zai ga ranar da ya karkace ba.

Ɗalibar Saikoloji:
Na gode ƙwarai. To in majinyaci ya ce mini an dasa masa na'ura a kai ana sauraron tunaninsa, ya kuma tambaye ni ko na yarda, me zan ce?

Baba Dattijo:
Kada ki ƙaryata shi, kada ki gaskata shi. Gardama tana ƙara kafe zaton, ta kuma sa ki cikin sahun maƙiyansa. Gaskatawa kuwa yaudara ce, ranar da ya samu sauƙi zai tuna. Ki ce masa ke ba ki ga abin yadda yake ganinsa ba, amma kin ga irin tsoron da yake ciki, kina so ki ji yadda abin ya faro. Daga nan ki auna abu uku daban-daban daga 0 zuwa 100: yaya ƙarfin yardarsa, yaya yawan lokacin da abin ke cinye masa, yaya damuwar da yake jawo masa. Sau da yawa na biyu da na uku suna sauka tun na farko bai motsa ba, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Mutum na iya komawa gida yana barci yana aiki alhali bai gama sakin zaton ba.

Muryoyi kuma ki tambayi dalla-dalla: nawa ne, me suke cewa, yaushe suka fi ƙarfi, me ke rage su. In suna ba da umarni, ki tambaya wa yake zaton mai muryar, wane iko yake ganin yana da shi a kansa, me yake tsoron zai faru in ya ƙi, ya taɓa bi, ya taɓa ƙi. Imaninsa da ikon muryar shi ne ya fi nuna ko zai bi. Ranar da ya ƙi bi kuma ba abin da ya same shi, a kanta ake gina jinyar.

Hukumar NICE ta Ingila, mai fitar da ƙa'idojin jinya, ta ba da shawarar aƙalla zama 16 na irin wannan jinya ta magana, amma a ɗakin da ake iya sallamar mutum ko mayar da shi wani ɗaki ba sanarwa, ki ɗauki kowane zama kamar shi ne na ƙarshe: abu ɗaya, a gama shi, ya tafi da shi a rubuce a kati. Minti 15 ko 20 sun isa ga mai ruɗani, gara gajere sau uku a mako da dogo sau ɗaya. Rukuni kuma mutum 6 zuwa 8, minti 30 zuwa 45, masu jagora biyu don in ɗaya ya fita da wanda ya hargitse ɗaya ya ci gaba. Kada a sa wanda ke cikin tsananin zumuɗi a rukuni, zai cinye zaman, shi ma bai amfana ba.

Malam Mai Gwaji:
Ba a taɓo auna haɗari ba, kuma shi ne abin da aka fi tambayar masanin saikoloji a asibitin gwamnati. Don tashin hankali na kusa akwai jerin Brøset daga Norway, abu shida da nas ke dubawa kowane canjin aiki: ruɗewa, saurin fushi, hayaniya, barazana da baki, barazana da jiki, da dukan kaya. Uku ko fiye, a ɗauki mataki cikin awa 24 masu zuwa. Don sallama ko sassauta tsaro akwai HCR-20, abu 10 na tarihi, 5 na halin yanzu, 5 na abin da zai tarar a gaba.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Malam, na yarda da su, amma ina tsoron yadda lamba ke kwantar wa ma'aikata hankali, musamman a kan kashe kai. A rubuta "haɗari kaɗan" sai kowa ya saki jiki, alhali da yawa daga waɗanda suka kashe kansu haka aka rubuta musu a ganawar ƙarshe. NICE a 2022 ta ce kada a yi amfani da ma'auni ko rabon kaɗan, matsakaici, mai yawa wajen hasashen kashe kai ko yanke wa za a sallama.

Malam Mai Gwaji:
Haka ne Likita, kuma HCR-20 ma ba a tara makinta a yanke hukunci da jimilla. Amfaninta ta tilasta maka ka duba abin da za ka manta, sannan ka rubuta: wa zai iya cutarwa, a wane yanayi, me zai fara nunawa, me za a yi. Kashe kai kuwa a tambaya kai tsaye, tambaya ba ta dasa tunanin. Yana tunanin, ya shirya hanya, hanyar na hannunsa, ya taɓa gwadawa, me ya riƙe shi har yau. Sai a rubuta tsarin kariya tare da shi, irin na Stanley da Brown mai matakai shida: alamominsa na farko, abin da zai yi shi kaɗai, wurare da mutanen da ke ɗauke masa hankali, wanda zai gaya wa, ma'aikatan da zai nema, da kawar da abin da zai cutar da kansa da shi. Alkawarin "ba zan yi ba" da ake sa mutum ya sa wa hannu ba ya kare kowa. A kula da kwanakin farko na kwantarwa, da fita hutu, da makonnin farko bayan sallama. Saboda haka ne a Ingila ake so a ga mutum cikin awa 72 da fitarsa.

Mai Kare Haƙƙi:
Waɗanda kotu ta turo suna da ƙa'ida ta daban, ƙanwata. Kafin tambaya ta farko ki gaya masa wa ya aiko ki, me za a yi da amsarsa, cewa rahoton zai je kotu, kuma yana iya ƙin amsawa. Ki rubuta cewa kin gaya masa da yadda ya nuna ya gane. Wanda ke yi wa mutum jinya kada ya zama shi ne mai auna shi don kotu, domin abin da aka faɗa da amana zai koma hujja. Tambayar ko zai iya fuskantar shari'a ta halin yanzu ce: ya fahimci tuhumar da abin da ke gudana, zai iya taimaka wa lauyansa? Ma'aunin da Amurka ke bi ke nan tun shari'ar Dusky ta 1960. Halin hankalinsa lokacin aikata laifin tambaya ce ta daban, kada a cakuɗa su a rahoto. Haka ikon yarda da magani: ana auna shi a kan shawara ɗaya a lokaci ɗaya, ya fahimta, ya ga ta shafe shi, ya auna, ya faɗi zaɓinsa. Ƙin bin shawarar likita kaɗai ba ya nuna rashin iko.

Malam Mai Gwaji:
A nan ne maganar ciwon ƙarya ke shigowa. TOMM, gwajin gano mai ƙaryar mantuwa, hotuna 50 ne da ake nuna wa mutum, daga baya ya zaɓi wanda ya gani cikin biyu. Mai cinta kawai zai samu wajen 25, masu ciwo na gaske da yawa suna haura 45 a zagaye na biyu. Wanda ya faɗi ƙasa da cinta sosai, ya san amsar ne yana kauce mata. Amma gwaji ɗaya ba ya isa. A haɗa da abin da nas suka gani lokacin da bai san ana kallonsa ba, da tsofaffin fayil, da ko yana amsa e ga alamomin da masu ciwon ba su cika samu ba. Kuma mai ƙara gishiri yana iya kasancewa mai ciwo na gaske da ke tsoron ba za a saurare shi ba.

Hajiya Babbar Nas:
'Yata, kula da kanki ma aiki ne. Ki karanta fayil ki tambayi nas halin da ya tashi kafin ki kira shi. Kujerarki da tasa kowa ya iya kai wa ƙofa ba tare da ya tsallake wani ba. Wani ya san ɗakin da kike da lokacin fitowarki. Ba abin rataye a wuya. In kin ga ya fara ɗaga murya yana dunƙule hannu, ki rufe zaman cikin mutunci, za a sake wani.

Bayan an riƙe mutum ko an killace shi, ku zo. A zauna da shi in ya huce a ji yadda ya ga abin, da me zai so a yi a gaba. A zauna da ma'aikata a duba awa ɗaya kafin faruwar, don nan ne kusan kullum aka rasa damar. Riƙe mutum rubda ciki yana toshe numfashi, duk wanda ya gani ya yi magana ko ba aikinsa ba ne. Akwai kuma majinyacin da ke raba kan ma'aikata, rabi na tausayinsa rabi sun gaji da shi. Wannan sai wanda ba ya cikin jadawalin ɗakin ya tara mu, kowa ya faɗi abin da yake ji, a fito da amsa ɗaya da kowa zai riƙa ba shi.

Baba Dattijo:
Kafin a tashi, iyali. Tun binciken George Brown da abokan aikinsa a Ingila, da na Vaughn da Leff a 1976, an san cewa mai sikizofireniya, ciwon da ke kawo jin muryoyi da zato marar tushe, da ya koma gidan da ake yawan sukarsa, ko ƙyamarsa, ko kuma aka rufe shi da kulawar da ta wuce kima, ciwonsa ya fi saurin dawowa. Wannan ba ɗora wa iyali laifi ba ne, galibi gajiya ce da rashin sanin cewa kwanciya da rashin kuzari suna cikin ciwon, ba lalaci ba ne. Shawarar NICE aƙalla zama 10 da iyali cikin wata uku zuwa shekara. In hakan bai samu ba, ko zama biyu kafin sallama a fitar da alamominsa na dawowar ciwo bi da bi, misali barci ya ragu, sai ya daina fita, sai ya fara zargi, a rubuta abin da za a yi a kowane mataki da wanda za a kira.

Ke ma ki nemi babba da za ki riƙa zama da shi awa ɗaya kowane mako kuna bitar majinyatanki, har da waɗanda kike jin ba kya son gani.

Hajiya Babbar Nas:
Ƙari ɗaya a kan rubutu a fayil. A rubuta abin da aka gani da abin da aka ji da lokacinsa, maganar majinyaci kuma yadda ya faɗe ta. "Ya zo ofis sau shida tsakanin ƙarfe takwas da goma yana tambayar ranar ziyara" yana taimaka wa mai karɓar aiki. "Mai neman a kula shi ne" kuwa, wanda ya karanta zai daina saurarensa, har ranar da zai zo da ciwon ƙirji na gaske. In an sauya tsarin kulawa, a sa kwanan wata a cire tsohon shafin daga bango a ranar, kada masu dare su tarar da biyu.